Darasi: Yadda Ake Bambanta Ƙananan Tsuntsaye Masu Kama da Juna

Duk wanda ya taɓa sussukar acca ko sheƙar dawa a tsakar gida ya san ƙananan jajayen tsuntsayen nan da ke sauka suna tsince-tsince a gindin turmi. Ba su cika tsoron mutum ba. Sai ka kusa taka su kafin su tashi, su ɗan matsa gaba, su ci gaba da abin da suke yi. A ƙasar Hausa ana ce musu ba'u. Yawancin mutane sun ɗauka tsuntsu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani ja. Ba haka abin yake ba. A tsakiyar Nijeriya akwai ba'u iri shida, kowanne da inda yake zama da irin kukansa, kuma kowanne cikin danginsa yake aure. Ɗaya daga cikinsu ma sai a 1998 masana suka san da shi, alhali yana zaune a duwatsun ƙasar nan tun kaka da kakanni.

Wannan darasi zai koya muku yadda za ku dubi tsuntsaye biyu masu kama da juna ku ce wannan daban, wancan daban, ku kuma faɗi dalili. Ba sai kuna da madubin hangen nesa ba, ko da yake yana taimakawa. Akwai masu biyan kuɗin jirgi daga Ingila ko Amurka su zo Nijeriya don su ga wasu daga cikin tsuntsayen da za mu ambata, su kwana biyu su koma. Ku kuwa kuna tare da su rani da damina, a gona da rafi da bakin hanya. Abin da ya rage shi ne ku san inda ake dubawa.

Sunayen da za ku gani a nan, wasu sanannu ne, wasu kuwa siffantawa ce muka yi don sauƙin karatu, domin sau da yawa suna ɗaya ne ke ɗauke da tsuntsu biyar ko shida. Inda ya kamata za mu kawo sunan kimiyya, wanda ake rubutawa da harshen Latin kuma ba ya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Abin da ya tara tsuntsaye a ƙasar Kafanchan

Iskar damina tana tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da ruwa. Idan ta iso bakin tsaunukan Jos, inda duwatsun Kagoro suka tare mata hanya, sai ta hau sama ta sauke ruwan a nan. Shi ya sa Kafanchan da Kagoro suka fi Kaduna da Zariya samun ruwan sama, shi ya sa kuma ake samun kurmi mai duhu a kwarin rafuka, irin wanda sai mutum ya nausa kudu sosai kafin ya sake ganinsa. Ka fito daga kurmin, sai ga ka cikin dajin ɗorawa da kaɗanya da gamba. Ka gangara, ga fadama. Ka ɗaga kai, ga dutse. Wuri iri huɗu ke nan a tafiyar safiya ɗaya, kowanne da tsuntsayensa.

A 1986 wasu masana uku, Dyer da Gartshore da Sharland, suka buga sakamakon bincikensu na gandun dajin Nindam, kusa da Kagoro, a mujallar Malimbus. Sun sami tsuntsayen kurmi da dama da a da ake zaton sai a kudancin ƙasar nan ake ganinsu. A 2001 ƙungiyar BirdLife International ta sa dazuzzukan Kagoro da Nindam cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka.

Launi yana yaudara

Abin da ido ke fara kamawa shi ne launi, shi ne kuma ya fi saurin ɓad da mutum. Ku ɗauki mulufi. Da damina za ku gan shi ja wur da baƙi, ya hau kan karan dawa ya kumbura gashinsa yana yi wa mata fankama. Da rani ina yake? Yara kan ce ya yi ƙaura. Bai je ko'ina ba. Gashi ya zubar, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane irin na matarsa, ya shiga garke, ba mai kula shi. Haka kabare yake yi, haka zalaidu yake zubar da doguwar wutsiyarsa. Wanda ya haddace tsuntsu da launin damina kaɗai, to rabin shekara bai san shi ba. Ban da wannan, ƙananan da ba su balaga ba suna da nasu launi, rana kuma tana canza abin da ido ke gani: tsuntsun da ya yi maka shuɗi da hantsi zai iya yi maka baƙi ƙirin da la'asar idan rana tana bayansa.

Ko a cikin damina ma, jan mulufi iri biyu ne a gonakinmu. Ƙaramin, saman kansa da fuskarsa baƙaƙe ne, wuyansa ja, fukafukansa ruwan ƙasa, wutsiyarsa gajera ce har jan gashin baya ya kusa rufe ta. Babban kuwa saman kansa ja ne, fuska kaɗai ce baƙa, fukafukai da wutsiya baƙaƙe. Tambaya ɗaya ta raba gardama: tsakar kansa ja ce ko baƙa? Irin wannan tambayar ce za ku riƙa nema ga kowane tsuntsaye biyu da suka rikita ku. Ba a bukatar siffanta tsuntsu daga baki har wutsiya. Wurin da suka saɓa ake nema.

Ga tsarin da ya fi amfani. Ku fara da girma, amma kada ku ce "ƙarami ne" kawai, domin wannan bai gaya wa kowa komai ba. Ku ce ya fi gwara, ko bai kai gwara ba, ko ya kusa kurciya. Sai baki: gajere ne mai kauri irin na mai fasa tsaba, ko siriri irin na mai cin ƙwari, ko dogo lanƙwasasshe irin na mai shan ruwan fure? Wane launi ne? Daga nan ido da ƙafa, waɗanda mutane ba sa dubawa, alhali su suka fi faɗin gaskiya. Sannan ku tambayi kanku ina kuke tsaye, kuma wane wata ake ciki. Murya ce ta ƙarshe a lissafi, amma za ku ga nan gaba cewa akwai inda ita kaɗai ce shaida.

Kabare ba ɗaya ba ne

Kabaren da kowa ya sani shi ne na gari, Ploceus cucullatus, mai tara sheƙa ɗari a bishiya ɗaya, mai cika unguwa da surutu, wanda ke yage ganyen kwakwar manja har ya bar ta tsirara. Ya fi gwara girma, bakinsa kakkaura ne. Namijin da damina kansa baƙi ne, ƙeyarsa ja-ja, idonsa ja, bayansa rawaya da baƙi a cakuɗe.

Akwai wani da ake yawan ɗauka shi ne, Ploceus heuglini. Bai kai na gari girma ba. Baƙin fuskarsa bai hau saman kai ba, saman kan rawaya ne, bayansa kore-kore ba cakuɗi, idonsa kuma fari-fari ne maimakon ja. Yana son kafa sheƙarsa kusa da gidan rina, don duk mai niyyar hawa ya yi tunani sau biyu. Na uku shi ne ƙaramin kabare, wanda bai kai gwara ba, mai baƙin ido da baƙin goshi. Ba ya son taro, daga shi sai matarsa a bishiyar ƙaya. A bakin kurmi kuma akwai wani mai farin ido da baƙin layi da ya ratsa idon, wanda ke saƙa wa sheƙarsa dogon hannu mai saukowa ƙasa, ta nan yake shiga.

Matan fa? Nan gizo ke saƙa. Matan kabare kusan duk kamarsu ɗaya, rawaya-rawaya a ƙirji, zane a baya, kuma da rani mazan ma haka suke komawa. Idan kun ga mace ita kaɗai, ku dubi girmanta da kaurin bakinta, ku jira ku ga sheƙar da za ta shiga ko namijin da ke bin ta. In ba ku sami ko ɗaya ba, ku rubuta "macen kabare" ku wuce. Masanan da suka shekara talatin a wannan aiki ma haka suke yi.

Ba'u shida

Yanzu mu koma gindin turmi. Ba'u duk tsawonsa bai wuce santimita 10 ko 11 ba, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ku fara da baki.

Idan bakin ja ne ko ruwan hoda, ɗaya ne cikin biyu. Ba'un gida, Lagonosticta senegala, namijinsa ja ne har saman kai, da siririn zobe rawaya kewaye da ido. Macen ruwan ƙasa ce, sai ɗan ja a gaban ido da gindin wutsiya. Shi ne ke yin sheƙa a rufin ciyawa da ramin katanga. Ɗayan, mai zanen ƙirji, saman kansa da bayansa toka-toka ne, ƙirjinsa da 'yan gajerun fararen layuka, mace da namiji kamarsu ɗaya, kuma ya fi son wuri mai danshi, bakin rafi ko lambu. Idan kun ga ba'u biyu tare, dukansu ja a fuska da ƙirji, ba ɗaya mai ruwan ƙasa, to ku ƙara dubawa: wataƙila ba na gida ba ne.

Idan bakin mai duhu ne ko shuɗi-shuɗi, kun bar gida kun shiga daji. A cikin doguwar ciyawa akwai mai baƙin ciki, wanda jansa ya yi duhu, tsakiyar cikinsa baƙi, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinsa. Akwai mai baƙar fuska, wanda namijinsa toka-toka ne da baƙin fuska da maƙogwaro. Shi ba ya wahalar ganewa. Sauran biyun su ne masu wuya. Dukansu bakinsu shuɗi-shuɗi ne, saman kai toka-toka, ƙarƙashin wutsiya baƙi. Ɗaya, Lagonosticta rubricata, bayansa ruwan ƙasa ne kuma yana zama a sarƙaƙiyar bakin kurmi. Ɗayan bayansa ja-ja ne, kuma ba ya rabuwa da duwatsu masu ciyayi a tsakaninsu. Wannan shi ne ba'un dutse, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda aka daɗe ana yi wa kallon na farkon. Yadda aka gano shi labari ne da sai mun bi ta kan wani tsuntsu daban.

Ɗan baƙi, wanda ido ba ya raba shi da ɗan'uwansa

Daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, ku duba ƙololuwar busasshen reshe ko wayar lantarki kusa da inda ba'u ke kiwo. Za ku ga wani ɗan tsuntsu baƙi mai sheƙi, farin baki, girmansa kusan na ba'u. Yakan wuni a reshe ɗaya yana rera waƙa ko rana ta take, in ya tashi ya kori wani sai ya dawo daidai inda yake. Za mu kira shi ɗan baƙi. Danginsa su ne Vidua, dangin zalaidu.

Ɗan baƙi ba ya saƙa sheƙa, macensa ba ta kwanci, ba ta ciyar da ɗa. Sai ta faki idon ba'u ko wani tsuntsu danginsa, ta shiga sheƙarsa ta saka ƙwanta cikin nasa. Ƙwan fari ne, na ba'u ma fari ne. Idan aka ƙyanƙyashe, baƙon ba ya kashe 'ya'yan gida. Tare ake renonsu. Abin mamakin yana cikin baki. Kowane irin ba'u, 'ya'yansa suna da alamu a ganɗa da gefen baki, ɗige-ɗige baƙaƙe da 'yan ƙulle-ƙulle masu launi, tsarin kowane iri daban. Su iyaye ke gani a cikin duhun sheƙa su zuba abinci. Ɗan baƙi yana fitowa daga ƙwai da alamu irin na 'ya'yan gidan da aka ajiye shi. Wani Bajamushe, Jürgen Nicolai, shi ya bayyana wannan dangantaka dalla-dalla a 1964.

Ɗan baƙi iri goma ne a Afirka, bakwai daga ciki ana samunsu a Nijeriya. Ɗaya ne kaɗai ido ke iya fitarwa ba wahala: na gari, Vidua chalybeata, wanda ke bin ba'un gida. Ƙafarsa ja-ja ce ko ruwan lemo, fukafukansa baƙaƙe. Sauran shidan duk fukafukansu ruwan ƙasa ne, ƙafafunsu fari-fari. Littattafai za su ce muku sheƙin wannan kore ne, na wancan shuɗi, na wancan shunayya. Gaskiya ne idan tsuntsun yana hannu. A kan reshe kuwa, rana tana juyawa, tsuntsu yana juyawa, mutum biyu za su tsaya wuri ɗaya su yi ta musu, ɗaya ya ce kore, ɗaya ya ce shuɗi. Matan kuwa ba a ma fara wannan magana a kansu.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wurin ɗan baƙi ji ne ke korar gani. Namijin, tun yana cikin sheƙa, yana sauraron uban riƙonsa, kuma waƙar da ya ji ita zai rera idan ya girma, kamar yaron da aka ba da riƙonsa gidan Bajju ya tashi da Bajjanci a bakinsa ko da iyayensa ba sa ji. Waƙarsa kashi biyu ce. Akwai wani surutu mai kaushi, ca-ca-ca, wanda na danginsa ne. A tsakanin surutun kuma sai ka ji wasu sautuka masu laushi, fito-fito da kiran 'ya'ya masu roƙon abinci. Waɗannan na tsuntsun da ya rene shi ne. Macen ma ta tashi da wannan waƙa a kunnenta, don haka idan ta isa aure namijin da ke rera ta take zaɓa, kuma sheƙar irin gidan da ta tashi take nema ta saka ƙwai. Ta haka kowane iri ya tsaya a layinsa. Mai bin ba'u mai zanen ƙirji daban, mai bin mai baƙar fuska daban.

Robert Payne, wani masani daga Jami'ar Michigan ta Amurka, ya fara ɗaukar muryoyin waɗannan tsuntsaye a arewacin Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1960. A gefen tsaunukan Jos ya sami wani ɗan baƙi da ya ɗan fi sauran girma. A 1982 ya raɗa masa suna maryae, don girmama Mary Gartshore, ɗaya daga cikin masu binciken Nindam. An same shi a Panshanu da ke gabashin Jos, an kuma same shi a duwatsun Kagoro. Da farko an ɗauka ba'un bakin kurmi yake bi. Amma da aka zauna aka gwada muryoyin da aka ɗauka, sai aka ga waƙar da yake kwaikwayo ba ta yi daidai da ta wancan ba'un ba. To waƙar wa yake rerawa? Dole akwai mai ita. Aka koma duwatsu aka nema, aka kama shi a raga, aka duba shi da kyau, sai ga ja a baya inda ya kamata a ga ruwan ƙasa. A 1998 Payne ya buga bayaninsa a mujallar Ibis a matsayin sabon iri, ba'un dutse. Wato ɗan riƙo ne ya tona inda uban riƙonsa yake. Bayan shekara biyar, a 2003, Payne da Michael Sorenson da Kristina Sefc suka nuna a mujallar Nature cewa irin wannan sauya gidan riƙo shi ne ya haifar da ire-iren ɗan baƙi: mace ta yi kuskure ta saka ƙwai a sheƙar wani tsuntsu daban, 'ya'yan su tashi da sabuwar waƙa, su auri juna, a kwana a tashi sun zama dangi mai zaman kansa.

Wannan aikin kunne ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai kiwon kanari ba ya sayen tsuntsu don gashinsa. Tsayawa yake gaban keji ya karkata kai, kuma cikin tsuntsu goma zai nuna maka wanda ya iya. Irin wannan sauraron ake bukata. Idan kun sami ɗan baƙi a reshensa, ku fara duba ƙafa da fiffike. In ba na gari ba ne, ku matsa a hankali, ku ɗauki muryarsa da waya na minti biyu ko uku, kada ku yi magana. Sannan ku zagaya wurin ku ga wane ba'u ke zaune a nan, ku saurari nasa kukan. Da safe kafin iska ta tashi ya fi kyau.

Na kurmi da baƙin rani

A cikin kurmi matsalar daban ce: ba ka ma ganin tsuntsun. Akwai wani dangi na tsuntsaye kore-kore masu duhu, girman kowanne tsakanin gwara da kurciya, da ke ɓuya cikin ganye suna ta kuka. Ko ka hango ɗaya, reshe ya rufe rabinsa. A nan ana lura da tsayin da yake zama, ƙasa-ƙasa cikin sarƙaƙiya ko can sama, shi kaɗai ko cikin ayari, sai launin maƙogwaro in an samu gani. Sauran aikin na kunne ne, kuma yana ɗaukar lokaci. Kada mai koyo ya fara da su.

Daga watan Satumba zuwa Oktoba wasu baƙi ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, su yi rani da mu, su koma wajen Maris ko Afrilu. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba. Ba da kayan ado suke zuwa ba, kuma ba su cika waƙa a nan ba, don haka halinsu ake dubawa. Uku daga cikinsu ruwan ƙasa ne, girmansu kusan ɗaya. Wanda ke zama kan karan gona bayan girbi, da farin layi a saman ido, yana sauka ƙasa ya cafki ƙwaro ya koma, shi ne Saxicola rubetra. Wanda ke cikin inuwar bishiya, da farin tabo a fiffike, yana yawan kaɗa fiffiken idan ya sauka, shi ne Ficedula hypoleuca. Na ukun, Muscicapa striata, ba shi da farin tabo, ƙirjinsa da goshinsa suna da siraran zane, yana zama a miƙe, ya tashi ya kama ƙuda a iska ya dawo reshensa.

Littafin aljihu da fita daji

Ku rubuta abin da kuka gani kafin ku buɗe littafin hotuna ko waya. Wannan doka ce mai ƙarfi. Da zarar mutum ya ga hoto, sai zuciyarsa ta fara gaya masa ai ya ga farin layin nan, alhali bai gani ba. Rubutu mai kyau ga yadda yake: "Asabar, ƙarfe 7 na safe, gindin dutse, ciyawa da manyan duwatsu. Bai kai gwara ba. Baki shuɗi-shuɗi. Kai toka-toka, baya ja-ja, ƙarƙashin wutsiya baƙi. Su biyu, a ƙasa. Ban ga ido ba." Wannan jimla ta ƙarshe tana da daraja daidai da sauran. Littafin da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne na Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fara fitowa a 2001. Da Turanci yake, amma hotunan ba su da harshe, kuma aji guda zai iya haɗa kuɗi ya sayi ɗaya.

Sai maganar tsaro, wadda ba a wasa da ita a kudancin Kaduna. Baƙon da aka gani a bakin daji da sassafe yana leƙe-leƙe da madubi yana rubutu, ba wanda zai fara zaton tsuntsu yake nema. Kafin ku shiga dajin da ba na ƙauyenku ba, ku je wurin mai unguwa ko dagaci. Magana kaɗan ta isa: "Ranka ya daɗe, mu ɗaliban ajin manya ne, malaminmu ya ba mu aikin duba tsuntsaye. Muna neman izini, in da hali kuma a haɗa mu da wanda ya san wurin." Ku tafi ku biyu ko uku, ku dawo kafin rana ta yi zafi, kada ku taka gonar citta ko shuka, kuma duk inda aka ce ba a shiga, kada ku shiga. Wanda za a haɗa ku da shi, in maharbi ne ko makiyayi, sau da yawa ya fi littafi sanin inda kowane tsuntsu yake kwana.

Abin da kuka rubuta ba naku ku kaɗai ba ne. A 2007 Jacinta Abalaka da Shiiwua Manu, masana 'yan Nijeriya, suka buga binciken da suka sake yi a dazuzzukan Kagoro da Nindam. Sun tarar noma da saran itace sun ci kurmin, kuma wasu tsuntsayen da aka rubuta a can baya ba su same su ba. Da ba a yi rubutun farko ba, da ba a san an yi rashi ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga a gefen Jos, tana jagorantar wani shiri tun 2015 na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a kowane gefe, kuma kowa na iya aika sunayen tsuntsayen da ya gani ta manhajar waya mai suna BirdLasser. Sunan da aka aika bisa zato yana ɓata taswirar, don haka abin da kuka tabbatar kaɗai za ku aika.

Tambayoyi da aikin yi

1. Wace tambaya ce ke raba jan mulufi ƙarami da babba?

2. Kun ga ba'u mai jan baki a bakin rafi, su biyu, kamarsu ɗaya. Wanne kuke zato, kuma me za ku ƙara dubawa?

3. Ku bayyana da kalmominku dalilin da ya sa macen ɗan baƙi ke zaɓar namiji mai wata waƙa ta musamman.

4. Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa sunayen ba'u da kabare da mulufi a harshenku na gida. Suna nawa suka ba ku? Shin sun bambanta na gida da na dutse?

5. A wannan mako ku watsa ɗan tsakin dawa ko acca a wuri ɗaya a tsakar gida, ku ajiye ruwa a kasko kusa da shi. Kowace safiya ku zauna nesa kaɗan na minti goma sha biyar. Ku rubuta launin baki da ido da ƙafar duk tsuntsun da ya sauka, ku kawo littafin aji mai zuwa a gwada da na sauran ɗalibai.